Jirgin da ke Saman Gadon Beryl

Taragon kwal ne ya fara tona asiri. Cliff Holroyd ya ajiye shi a gefen tasha, ya juya zai ɗauki kofin shayinsa, da ya waiwayo sai ya ga taragon yana tafiya shi kaɗai. Ba kan jirgi a gabansa, ba wuta a layin, ba wanda ya taɓa shi. Ɗan abu ne da bai fi tsawon yatsa ba, amma ya gangara a hankali kamar mai sanɗa, ya wuce ɗakin sigina, ya je bakin babbar lanƙwasa ya tsaya.

Cliff ya mayar da shi inda yake. Ya sake tafiya.

Da hannunsa ya shimfiɗa layin nan, ya san babu gangara a cikinsa ko ta kaurin gashi. In tarago ya gangara, to ba layin ne ya karkace ba, daɓen da ke ɗauke da shi ne. Daɓen nan kuwa shi ne silin ɗin ɗakin barcinsu, kuma daidai ƙarƙashin lanƙwasar gadon matarsa Beryl yake. An yi mata aikin ƙugu, an sallamo ta daga asibiti an hau da ita bene, da sharaɗin kada ta taka matakala sai an ba ta izini. Yana durƙushe a saman silin yana jin rediyonta ta ƙarƙashin gwiwoyinsa.

Ya ajiye kofin.

A Mirfield aka haifi Cliff, a layin gidajen da ke bayan rumfar jirage, inda mata kan duba inda iska ta dosa kafin su shanya fararen kaya. Ubansa mai zuba kwal ne a kan jirgi, mutumin da ko ranar Lahadi akwai baƙi a gefen idanunsa. Cliff bai taɓa tunanin wani aiki ba sai wannan. Da ya isa, likitan reluwe ya zaunar da shi a wani ɗaki mai duhu ya kunna masa fitilu, ya ce ya faɗi launinsu. Ya kira ja kore, ya kira kore ja. Daga nan aka nuna masa ƙofa. Ya ƙare a masaƙar ulu yana gyaran injina har aka rufe ta. Yana can cikin ƙurar ulu aka yanka jiragen tururi aka sayar da ƙarfensu, aka rushe rumfar, ubansa ya koma zaman kujera har ya rasu.

Abin da aka hana shi da girmansa, sai ya gina shi ƙarami. Ya zaɓi bazarar shekarar 1957 ya tsaya a cikinta, bai ƙara gaba ba. Kowane kan jirgi da tagulla ya haɗa shi, gunduwa-gunduwa, yana liƙewa da dalma a teburin kicin. Beryl ce ke haɗa masa fenti, tunda shi in an bar shi sai ya shafa wa jirgin fasinja kalar jan bulo ya ce kore ne. Takan ce da maƙwabta, "Mijina ba ya shan giya, ba ya caca, ba ya bin mata. Yana sama yana wasa da jirgi. Na gode Allah, amma wani lokacin ina sha'awar masu mijin da ake iya zuwa a ɗauko daga mashaya."

Da suka koma sabon gida a bayan gari, abin da Cliff ya fara dubawa saman silin ne. Wurin da faɗi, amma katakan da ke riƙe da rufin sirara ne, sun sassarƙe ko'ina kamar dajin gora. Ya bi da layinsa ta tsakaninsu, yana kaucewa nan yana zagaye can. Da ya gama ya gayyato Wilf Thackray, kafinta mai ritaya, abokinsa a ƙungiyar masu ƙananan jirage da ke taruwa ranar Alhamis a zauren bayan coci. Wilf ya leƙo ta ƙofar silin, ya ga babban kan jirgin Cliff, mai dogon jiki da manyan ƙafafu, yana shan lanƙwasa, taragunsa suna buɗe baki a tsakaninsu, gindinsu na leƙe waje.

"Mutumina, wannan lanƙwasa ce, ko jirgin ne ke neman cizon wutsiyarsa?"

"Wurin ne ya matse."

"Wanda na saya wa jikana da Kirsimeti, wanda ake shimfiɗawa a kan kafet, lanƙwasarsa ta fi wannan mutunci. Ubanka in ya shiga wannan da gudu, da shi da shebur ɗinsa a gonar wani za a tsince su."

A wurin mutanen nan ana yafe wa mutum tasha mara kyau, ana yafe masa bishiyar da ta yi kama da burushin wanke kwalba. Matsattsiyar lanƙwasa ce ba a yafewa, don ita ce ke raba mai gina jirgi da mai wasan yara. Kuma Wilf ya sako uban Cliff a ciki.

Wata Asabar da Beryl ta tafi kasuwar Dewsbury, Cliff ya hau da zarto. Ya yanke katako na farko, ya tsaya yana sauraro. Shiru. Gida bai ce komai ba. Sai ya bi na kusa da shi, ya bi na gaba, har hanya ta buɗe. Kututturan ƙasa ya binne su cikin wani tudu da ya gina da ragar waya da filasta, ya dasa masa ciyawa da tumaki. Na sama ya ɓoye su a bayan allon da aka zana sararin sama. Da Wilf ya dawo ya ga jirgin ya kwanto cikin sabuwar lanƙwasar kamar ruwa, ya cire hularsa. Ya yabi tudun ma. Kafinta guda, ya tsaya tsakiyar rufin da aka cire wa haƙarƙari, idonsa na kan tumaki.

Shekaru suka wuce. Tudun ya yi ƙanne, filasta buhu-buhu ta hau sama ba ta sauko ba, mujallun jirgi suka taru a kwali a ƙarƙashin tebur. Cliff ya manta da zarton nan kamar yadda mutum ke manta haƙorin da ya daina ciwo.

Ranar da taragon ya gangara, ya sauko ya shiga wajen Beryl da tiren abinci, ya ɗaga kai kamar mai miƙa. Ga ta nan: wata siririyar tsaga ta taso daga gindin fitila ta nufi kusurwa, ta bi ta saman matashin kanta.

"Me kake kallo, sarkin tasha?"

"Gizo-gizo."

"To ka kashe shi mana, ka tsaya kuna gaisawa."

Ya zauna a bakin gado. "Beryl, ina ganin a sauko da gadon nan falo. Ya fi ɗumi. Ga talabijin."

"Banɗakin fa? Shi ma za ka sauko da shi?"

"Akwai abin da asibiti suka ba mu."

"Ni zan zauna a kan tukunya a falona, labule a buɗe, matar maƙwabcinmu Pickersgill na wucewa da karenta? Ka sha wani abu ne?"

"Hawa da saukar ne ke damun gwiwata."

"Gwiwar da ke hawa tsani kamar ta biri?" Ta ajiye cokali ta dube shi da kyau. "Cliff, in ka gaji da jinya ka faɗa. In minsharina ne ya ishe ka, ga ƙaramin ɗaki can. Ba sai ka jefar da ni ƙasa kamar tsohuwar kujera ba."

Ga ƙofa ta buɗe masa. Kalma kaɗan ce: na yanke katakan rufi. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ba haka ba ne." Ya ɗauki tiren ya fita, ya bar ta da tunanin mijinta ya gaji da ita. Ya ga fuskarta sa'ad da tunanin ya zauna mata, kuma ya bar shi ya zauna.

Ana iya cewa kunya ce ta rufe masa baki, kuma akwai kunyar. Amma a ƙarƙashinta akwai wani lissafi da bai taɓa bari ya fito fili ba ko a cikin kansa. Ya san aikin katako daidai gwargwado. Duk kafintan da aka kira, inda aka cire katakan nan zai mayar da su, ba wani wuri ba. Inda aka cire su kuwa nan jirgi ke wucewa.

Ya koma mutum mai kunne. Yana wanke kwanuka yana sauraron sama. In iska ta kaɗa ya tsaya cak da soso a hannu. In famfon ɗumama gida ya yi ƙas, sai ya ɗaga kai ya dubi silin. Ranar da ma'aikaciyar jinya ta shigar da Beryl wanka, ya hau kujera da sauri ya cike tsagar da filasta ya shafe da farin fenti. Kafin mako ya zagayo ta sake buɗewa, ta yi reshe. Ƙofar ɗakin ta fara cijewa daga sama, ya feƙe ta ya ce damshi ne. Yakan fita kan titi da sunan sayo jarida, ya tsallaka can gefe ya waiwayo ya dubi doron rufinsa. Na maƙwabta a miƙe. Nasa ya ɗan lotsa a tsakiya kamar bayan tsohon doki. Ko idonsa ne? Idon da ya taɓa yi masa ƙarya a gaban likita? Ya riƙe wannan da hannu biyu.

Ranar Alhamis ya je zauren bayan coci, ya sami Wilf yana tsoma biskit a shayi.

"Wilf, wani mutum ne na ji labarinsa, can wajen Huddersfield. Wai ya rage wasu katakai a saman silin don layinsa ya wuce."

"Kowace ƙungiya da irin jakinta. Tsohon gida ko sabo?"

"Sabo, ina ji."

"To ya gama. Tsofaffin gidaje katakonsu kamar cinyar sa, ka cire ɗaya sauran su yi maka dariya. Waɗannan sababbin kuwa kowane siriri riƙe yake da ɗan'uwansa. Ka cire ɗaya, ka kwance duka. Sai dai ba ranar suke faɗuwa ba, shi ya sa wawaye ke ganin sun ci riba. Su yi ta sauka a hankali, a hankali, sai ranar da aka ɗora musu kaya."

"Wane kaya?"

"Ƙanƙara mana. Ka gaya wa mutumin naka kada ya bari dusar ƙanƙara ta same shi da iyali a ƙarƙashi." Wilf ya ɗago biskit ɗin, rabinsa ya faɗa cikin kofi. "Ya jikin Beryl? Ka ce mata Alhamis mai zuwa zan kawo mata lemo, in dai ba za ka shanye ba. Kai, lafiyarka kuwa? Ka yi fari kamar alli."

Cliff ya ce sanyi ne.

Da aka shiga sabon mako mai faɗin yanayi a rediyo ya fara maganar ƙanƙara daga arewa. A ranar Cliff ya fara sauko da kawunan jiragensa. Kowanne ya naɗe shi da tsumma mai laushi, ya kwantar a kwalinsa, ya sauko tsani da shi a ƙirji, ya bi ta gaban ƙofar Beryl, ya sauka matakala, ya ratsa lambu ya kai rumfar ajiye kaya. Ya gaya wa kansa nauyi yake ragewa. Kan jirgi guda bai kai nauyin gwangwanin wake ba. Kwalayen mujallu da ko ɗaga su sai da nishi suna nan inda suke, tudun filasta yana nan da tumakinsa.

"Ina kake ta kai su?" Beryl ta tambaya daga gado.

"Mai zan sa musu. Rumfa ta fi haske."

"Da sanyin nan? Tun da na aure ka a teburin kicina kake sa musu mai, har a cikin man shanuna na taɓa tsintar sukuru."

Ya wuce da kwalinsa. Ta juya fuskarta bango.

Ƙanƙarar ta sauko mai nauyi, mai ruwa-ruwa, irin wadda ke manne wa komai. Gari ya waye fari fat, motoci sun zama tuddai, ba ƙarar komai a titi. Cliff ya kai wa Beryl shayi da gasasshen burodi, bai iya haɗa ido da silin ba. Saura kan jirgi ɗaya a sama, babban, wanda aka yi lanƙwasar dominsa. Ya bar shi ƙarshe ne don kwalinsa ya fi tsawo. Ya ce a ransa, wannan kawai, daga nan in kira Wilf. Ko ya yarda da maganar, shi ma bai sani ba.

Saman silin ya yi wani irin shiru mai kauri. Allon sararin sama ya tanƙwaro, shuɗin fentinsa ya dare. Da ya taka, sai ya ji daɓen ya amsa masa, ya ɗan ba da kai kamar katifa. Ya rarrafa, ya ɗauki kan jirgin, ya naɗe, ya sa a kwali. Hannuwansa da ke rawa tun safe, a nan ba su yi rawa ba.

Yana tsakiyar tsani abin ya yi ƙara. Ba babbar ƙara ba ce. Kamar an karya busasshen itace a gwiwa, sannan wani dogon gurnani ya bi ta cikin bango. Ta buɗaɗɗiyar ƙofa ya ga farar ƙura na zubowa a kan bargon Beryl, cikin shayinta, cikin gashinta. Wani ɓallin filasta kamar faranti ya faɗo a gefen ƙafarta ya tarwatse.

"Cliff."

Ba ihu ta yi ba. Kiransa kawai ta yi.

Ya ƙarasa sauka tsanin. Ya sunkuya, ya ajiye kwalin a jikin bango, a kwance, don kada hancin jirgin ya bugu. Ya zare hannunsa daga ƙarƙashi a hankali. Duka-duka bai fi numfashi biyu ba. Da ya ɗago, idonta na kansa.

Sannan ya ruga.

"Tashi. Beryl, tashi, rufin ne."

"Sandunana."

"Bar su, riƙe wuyana."

Ta fi shi jiki, kuma ƙugun ba ya lanƙwasuwa. Ya zuro ƙafafunta ƙasa, ta cije leɓe har ya yi fari. Silin ɗin ya yi ciki a saman kansu kamar tantin da ruwa ya taru a kai, fitilar na lilo. Suka ja jiki zuwa ƙofa, ita da rigar barci da ƙafa ba takalmi, shi yana jin ƙurar na shiga masa baki. A bakin matakala ta tsaya ta dubi ƙasa.

"Ba zan iya ba."

"Za ki iya. Me ma'aikaciyar jinyar nan ta ce? Wace ƙafa ce farko?"

"Ta ciwon. In za a sauka, ta ciwon ce farko."

"To bismillar ki, sa ta."

Ya koma ƙasa da ita da taki ɗaya, yana fuskantarta, hannuwansa a ƙugunta, nata ɗaya a kafaɗarsa ɗaya a ƙarfen riƙo. Ƙafar ciwo ta sauka, mai lafiya ta biyo. Ta tsaya tana haki. Daga ɗakin wani abu ya sake faɗowa, ya ji kofin shayi ya fashe. Duk jikinsa na ce masa ya sungume ta ya yi ƙasa, ya kuma san in ya yi haka su biyun za su gangara, ƙugun da aka ɗinke ya ɓalle. Dole sai a hankali. Ƙafar ciwo, mai lafiya. Farcenta ya shige masa kafaɗa. Yana kallon silin ɗin saman matakala ta bayan kanta, yana jiran ya ga ya buɗe.

"Kada ka kalli sama," ta ce. "Ni za ka kalla. In ka kalli sama ina gani a fuskarka."

Ya kalle ta. Ƙura ta yi mata fari a gira, ta zama kamar uwarta.

Suka taka daɓen ƙasa. Ya kai ta kujerar da ke kusa da ƙofar fita, ya lulluɓe ta da kwat ɗinsa, ya ɗauki waya. Ya juya lambar Wilf.

"Wilf. Mutumin Huddersfield ɗin nan."

Wilf ya ce, "Beryl na ina?"

"Ƙasa."

"Kada kowa ya hau. Ina zuwa."

Ya zo a motar surukinsa magini, su biyu, da tokaran ƙarfe a baya. Bai yi wa Cliff ba'a ba, ko ɗaya, kuma wannan ya fi komai tsorata shi. Suka kafa tokaran a ɗakin barci, suka murɗa su har silin ya daina nishi. Sannan Wilf ya hau da guduma. Cliff na tsaye a gindin tsani yana jin tudun na fashewa. Can Wilf ya leƙo, fuskarsa duk filasta.

"Har nawa ka yanke, bawan Allah?"

"Ka gani ai."

"Na gani. Na tsaya a nan na yaba maka tumaki." Ya goge bakinsa da bayan hannu. "Rufin zai tsaya, an yi sa'a. Sababbin katakai za su koma inda tsofaffin suke. Layin zai tashi daga tasha har gada."

"In aka ɗan karkata na tsakiyar zuwa hagu..."

Maganar ta fito kafin ya kama ta. Wilf ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, sannan ya mayar da kansa ciki.

Da yamma suka ɗauki Beryl a motar, a naɗe da barguna, suka kai ta gidan yayarta Hilda, wanda ba shi da bene. Ba ta ce da Cliff komai ba sai, "Ka kashe gas."

Ya bari aka kwana biyu kafin ya je. Ya tafi da ƙafa cikin ƙanƙarar da ta fara narkewa, da jakar kayanta a hannu: magunguna, tabarau, silifas, sandunan dogarawa a hammata. Hilda ta buɗe ƙofa, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ga injiniya. Karkaɗe takalmanka, nan rufinmu lafiyarsa ƙalau, muna so ƙasan ma ya zauna haka."

Beryl na zaune kusa da murhu, ƙafarta a miƙe kan matashi. Ya ajiye jakar, ya tsaya da hula a hannu kamar wanda ya zo neman aiki.

"Wilf ya ce nan da ƙarshen wata an gama. Za a sake silin gaba ɗaya. Layin na cire shi. Ni na cire da kaina."

"Ka kyauta."

"Beryl, katakan nan, tun shekarar da..."

"Bar maganar katako. Wilf ya gaya mini. Namiji da zarto ranar Asabar, ba kai ne farko ba. Da a ranar ka faɗa mini, da na zage ka na huce." Ta gyara bargon a gwiwarta. "Ina kwance ina jin ka kana wucewa da su. Sama, ƙasa, sama, ƙasa. Na ce mutumin nan kayansa yake kwashewa, barina zai yi. Har kuka na yi, ka sani? Da tsufana. Ashe ba barina za ka yi ba. Su kake fitarwa daga inda ka san zai faɗi."

"Na roƙe ki ki sauko falo."

"Ka roƙe ni. Su ba ka roƙe su ba, ɗaukar su ka yi."

Ya juya hular a hannunsa.

"Wannan ma zan iya haɗiyewa," ta ce. Muryarta ba ta tashi ba. "Tsoro na sa mutum wauta. Amma na kira ka, Cliff. Abu na zubo mini a ka, na kira ka, ka ji ni. Na ga ka ajiye shi. Da ka jefar, da ka sake shi ya faɗi, ko da ka dangwarar da shi. A hankali ka ajiye shi. Har hannunka ka zare a hankali."

Ya nemi abin faɗa. Ya so ya ce hannu ne kawai, ya saba, shekara da shekaru yana ajiye su haka. Gaskiya ce kuwa. Amma ya ji yadda za ta fito, ya ga ba ta fi shirun kyau ba.

"Za ki dawo in an gama?"

"Ban sani ba." Ta buɗe jakar, ta ciro tabarau ta duba, ta sa. "Ba fushi nake ba, da fushi ne da sauƙi. Je ka kicin, Hilda ta dafa ruwa. Ina so in yi magana da ita."

Ya shiga kicin. Hilda ta tura masa kofi, ta fita, ta ja ƙofar har ta kama. Ya zauna a teburin da ba nasa ba. Ta cikin katakon ƙofar yana jin muryoyinsu ƙasa-ƙasa, ta Hilda na hawa tana sauka, ta Beryl a miƙe, ba ya kama ko kalma ɗaya. Ya karkata kai, ya riƙe numfashi, ya ci gaba da sauraro.